Ku yada zango a Damagaram, amma kada ku zarce kwana uku

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa da ya ce su uku ne za su taso da ƙafa daga Kano, su bi ta Magarya har Tanut, yana tambaya ko su tsaya cikin Damagaram ko su ratse ta gefe, tunda an gaya musu garin masu yawon buɗe ido ne mai cin kuɗi da lokaci: ga abin da na sani. Ni haifaffen unguwar Zango ne. Na taka hanyar Magarya da ƙafata sau uku, ta Tanut sau ɗaya, kuma matafiya irinku sun sha kwana a zauren gidanmu.

Ku tsaya. Amma dalilin da ya sa na ce haka ba shi ne wanda kuke zato ba.

Daga Magarya zuwa nan kilomita 90 ne ko kusa da haka, ta Bande da Dogo. Ga mai yin kilomita 30 a yini, kwana uku ke nan. Wannan ɓangaren ƙasar noma ce, ƙauye na bin ƙauye, ba za ku rasa rijiya ko mai fura ba. Abin da ke gabanku daban ne. Daga Damagaram zuwa Tanut ya kai kilomita 140, kuma da zarar kun wuce Bakin Birji, wajen matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011, za ku ga itatuwa sun fara ƙaranci, garuruwa sun yi nisa da juna, inuwa ta zama abin nema. Duk abin da ba ku gyara a Damagaram ba, da shi za ku shiga Damargu, wato yankin da Tanut take. Takalmin da ya fara buɗe baki, bororon da ya fito a diddige, jarkar da ke yoyo kaɗan-kaɗan, duk a can suke zama babbar matsala.

Na faɗi haka ne don ya same ni. Lokacin da na yi tafiyar Tanut, madaurin takalmina ya ɗan saki tun muna gari, abokin tafiyata ya ce a kai wa baduku, na ce zai kai. A rana ta uku ya tsinke, kuma babu mai ɗinki a inda muke. Na ɗaure da tsumma na ƙarasa, amma ƙafar dama ta yi ciwon da na fi wata ina jinya. Alhali dukawan Damagaram sun yi suna a aikin fata tun zamanin fatake, cikin rabin awa za su ɗinke maka takalmi da jaka da zare mai ƙwari.

Saboda haka ku lissafa tafiyarku ta yadda za ku shigo ranar Laraba da yamma. Alhamis ce babbar ranar kasuwar Dole. A nan za ku sayi guzurin da ba ya lalacewa kuma ba ya da nauyi: dabino, ƙuli-ƙuli, garin rogo, kilishi, sukari da ganyen shayi. Ku shiga farmasi ku ɗauki bandeji da gishirin zawo. Abin da ya fi duk waɗannan daraja kuwa, a ranar kasuwa ne mutanen arewa ke saukowa. Ku zauna wurin mai shayi kusa da tasha, ku tambayi direbobi da masu dabbobi wace rijiya ce ke da ruwa a wannan watan, wane ƙauye ne ake saukar baƙo, ina ne ba a so mutum ya yi dare. Wayar hannu ba za ta ba ku wannan labarin ba, don yana canjawa daga mako zuwa mako. Ku kuma je wurin jandarma da takardun shaidarku, ku faɗi inda kuka nufa, ku ji ta bakinsu kan lafiyar hanya. Idan suka ce kada ku bi wani yanki da ƙafa, ku ji maganarsu.

Sai batun yawon buɗe ido da ya tsorata ku. Gaskiya ne akwai samari a bakin Birni, wato tsohon gari, da ke tare baƙo su ce za su zagaya da shi. Wasunsu sun san tarihi ƙwarai, wasu kuma kuɗi kawai suke so. Na taɓa ganin an karɓi kuɗin yini guda hannun wasu baƙi a kan zagayen da bai kai awa ba, raina ya ɓaci matuƙa, don sunan garinmu ake ɓatawa. Ku da kuke jin Hausa ba ku da wannan damuwar. Ku yi ciniki tun kafin a ɗaga ƙafa, ko kuma ku yi sallama da dattawan da ke zaune a ƙofar gida, za su ba ku labari fiye da yadda kuke zato.

Kuma ina roƙonku kada ku wuce ba ku shiga Birni ba. Mai mota yana zuwa ya ɗauki hoton ƙofar gidan Sarki ya koma, bai ga kome ba. Lungunan Birni an yi su ne don ƙafa, suna kewaya manyan duwatsun da garin ya zauna a tsakaninsu, ga gidajen ƙasa da zanen da magina suka yi a fuskar zaure. Za ku ga sauran ganuwar da Sarki Tanimu ya kewaye garin da ita a ƙarni na 19. Bature Barth, matafiyin bincike daga Jamus, ya sauka a nan a ƙarshen 1852 a cikin tafiyarsa. Turawan Faransa sun ci garin a 1899, kuma nan ne babban birnin Nijar har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Ita unguwarmu kuwa, sunanta ma ya ba da amsar tambayarku. Zango wurin saukar ayari ne. Masu raƙuma daga Agadas, masu gishiri da dabino daga Bilma, fataken Kano, a da duk a nan suke sauke kaya su huta kafin su ci gaba. Ban taɓa jin ayarin da ya ga Damagaram ya kauce mata ba. Idan kun shigo da ƙura a ƙafa da jaka a baya, ku ne baƙin da aka gina garin dominsu.

Abu biyu zan ja kunnenku a kai. Na farko ruwa. Damagaram ta daɗe tana fama da ƙarancinsa, musamman da bazara, a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Kafin ku biya kuɗin masauki ku buɗe famfo ku gani da idonku, ku tambaya ko sai an saya wurin 'yan garuwa. In da hali ma ku ɗaga tafiyar zuwa Disamba ko Janairu, sanyi da hazo sun fi wannan rana sauƙi nesa ba kusa ba.

Na biyu shi ne daɗin zama. Mutumin da ya yi mako yana tafiya, ya samu katifa da tuwo mai zafi da ruwan sanyi, tashi na yi masa wuya. Na ga waɗanda suka zo da niyyar kwana ɗaya suka yi shida, guzuri ya tafi a kabu-kabu da tsire, ƙafa ta yi sanyi, daga ƙarshe suka hau mota zuwa Tanut suna jin kunya. Kwana biyu sun isa a wanke tufafi, a yi ɗinki, a yi cefane, a ga Birni da la'asar. Dalili ɗaya ne zan yarda da shi na ƙara na uku, wato ku yi sallar Juma'a a babban masallacin da ke gaban fada, ku ga dogarai cikin ja da kore. Mirriya da tukwanenta na da kyau, kilomita 18 ce kawai, amma gabas take, ba a kan hanyarku ba, ku bar ta sai kun dawo.

Ranar tashi ku cika jarkokinku tun da dare, ku fita bayan sallar asuba, don ku bar hayaniyar gari da manyan motoci a baya kafin hantsi. In kun sa ranar shigowa ku sanar da ni, akwai tabarma da randa a zaurenmu, kuma zan kai ku wurin badukun da ke yi mini ɗinki. Allah ya kai ku lafiya.