Cocin Torgau: shin ya cancanci a ziyarta?

Ka tambaya ko ƙaramin cocin mabiya Martin Luther (malamin Kirista da ya fara tafiyar Furotesta) da ke cikin fadar Hartenfels a garin Torgau na Jamus ya cancanci ziyara, ganin ba shi da girma ko adon manyan majami'u. Ina ba ka shawara ka je, domin ƙanƙantarsa ba ta rage masa daraja ba ko kaɗan.

Nikolaus Gromann ne ya tsara ginin, kuma Martin Luther da kansa ya keɓe shi a ranar 5 ga Oktoba, 1544. Idan ka shiga, fara duba mumbarin wa'azi, wanda aka maƙala a tsakiyar dogon bango maimakon can ƙuryar gaba, saboda a koyarwar Luther wa'azi shi ne ginshiƙin ibada, don haka dole kowa ya ji mai wa'azi sosai. Barandun duwatsu da suka kewaye ɗakin ta sama su ma manufarsu ke nan, wato kusantar da jama'a ga mai magana. Bagadin kuwa tebur ne kawai.

Abin da ya fi burge ni shi ne farin bangon da hasken da ke cika ɗakin. Ka ɗan zauna kafin ka ɗauki hoto.