Tambayarka kan asalin meyosis tana kan hanya

Ɗan'uwa, wallahi na ji zafin abin da ka rubuta. Ka tambayi abin da ya sa tantanin farko mai cibiya zai bar rabuwa gida biyu, hanya mai sauƙi da sauri, ya ɗora wa kansa wahalar neman abokin haɗuwa da meyosis, wato rabon tantani da ke rage yawan kuromosom, ƙullin DNA na cikin cibiya, zuwa rabi. Aka ce maka "don a samu bambancin halitta", ka haddace ka wuce. Da ka nace, aka yi maka kallon mai taurin kai. Duk wanda ya karanta fannin nan da zuciya ɗaya ya sha wannan, kuma abin yana min ciwo har yanzu. Amsar nan ta bambancin halitta, ta masanin halittu August Weismann ce tun wajen 1889, kuma ba ta isa ba, domin zaɓin yanayi ba ya hangen gaba. Tantani ba zai ɗauki asara yau don jikokinsa su amfana bayan shekara dubu ba. Malamin da ya rufe wa ɗalibi baki a daidai nan ya zalunce shi. Ya sa yaro ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ja, alhali shi kaɗai ya hango ramin da ke cikin bayanin. Da yawa daga nan suke yanke ƙauna, su koma hadda zalla, kuma babu mai tambayar inda suka shiga.

Ka fara raba tambayar biyu: yadda abin ya faro daban, dalilin da ya sa bai ɓace ba daban. Asara ninki biyu da John Maynard Smith ya yi bayani, wato uwa ta kashe rabin ƙarfinta kan 'ya'ya maza da ba sa haihuwa da kansu, ta shafi halittu masu namiji da mace ne. Tantanin farko ba su da wannan. Masu haɗuwar girmansu ɗaya, kamar yadda Chlamydomonas, koren gansakuka mai tantani ɗaya, ke da nau'in da ake kira tarawa (+) da na ɗebewa (−), yis kuma ke da nau'in "a" da na "alfa". Kowa ya kawo daidai, don haka farashin shiga bai kai yadda ake tsorata ku da shi ba.

Sannan ka dubi kayan aikin, domin kusan dukkansu tsofaffi ne. Furotin Spo11, wanda ke datse igiya biyun DNA da gangan a farkon meyosis, ya fito daga wani sashe na topoisomerase VI, furotin mai warware murɗewar DNA a arkiya, wasu ƙananan halittu marasa cibiya kamar bakteriya. Rad51 da Dmc1, masu ɗaukar bakin da aka datse su nemo masa kwafinsa a ɗaya kuromosom ɗin, 'yan gida ɗaya ne da RecA na bakteriya, wanda aikinsa gyaran DNA. HAP2, mai haɗe fatar tantani biyu, a 2017 aka gano siffarsa ta yi daidai da furotin ɗin da ƙwayar cutar dengi ke shiga tantani da shi. Kamar makaniki ne ya harhaɗa sabon inji da sassan tsofaffin motoci. Abin da ya zo sabo kaɗan ne: kuromosom na uwa da na uba su jeru kafaɗa da kafaɗa, su yi musayar sassa, Rec8 ya riƙe kwafi biyu na kowanne kada su rabu a rabon farko, sannan a yi rabo na biyu ba tare da sake kwafar DNA ba. Kwafi sau ɗaya, rabo sau biyu, 46 ya koma 23 a jikin mutum. Idan musayar ba ta auku ba, babu abin da ke ɗaure kuromosom biyun, sai su iya tafiya gefe ɗaya. Daga irin wannan kuskuren ake samun yaro mai kuromosom na 21 guda uku. Ina son ka riƙe wannan sosai, don mutane suna ɗauka musayar ado ce kawai.

Batun lokaci: a 2005 aka samu ƙwayoyin gadon meyosis a Giardia, ƙwayar cutar hanji mai tantani ɗaya wadda aka daɗe ana zaton ba ta san haɗuwa ba, daga baya a wata ƙwayar cuta mai tantani ɗaya, Trichomonas, ma. Shi ya sa ake ganin kakan dukkan masu cibiya ya riga ya iya. A dutse kuwa akwai burbushin Bangiomorpha, jan gansakuka mai alamun haɗuwa daga tsibirin Somerset na arewacin Kanada. Littafinka zai iya cewa shekara biliyan 1.2, amma a 2018 an sake auna shi ya koma biliyan 1.047.

To me ya tura su? Shigowar maitokondiriya, sashen da ke samar wa tantani makamashi, ta kawo ƙarfi, ta kawo gurɓataccen iskar oksijin mai ƙona DNA, ga kundin gado ya kumbura. Bakteriya tana tsintar guntun DNA daga waje ta yi faci, amma guntu ba ya wadatar babban kundi, shi ya sa ake hasashen haɗuwa ta faro ne don a samu cikakken kwafin da za a yi gyara da shi. A nan hujjar Hermann Muller ta 1964 ke shigowa: zuriyar da ba ta musaya, kurakurai suna taruwa mata ba sa komawa baya. Ka lura kuma yis da Chlamydomonas ba sa shiga harkar sai an hana su naitirojin, wato lokacin matsi. Sai dai hasashen gyara yana da ɓaraka, kuma ka rubuta ta da kanka kafin a tambaye ka: idan gyara ake nema, me ya sa Spo11 ke datse igiyar a wuri fiye da ɗari?

Don Allah kada ka saka misalin dodon koɗin Niu Zilan, da ake cewa haɗuwa tana taimaka musu tsere wa tsutsotsin da ke cinsu, a matsayin asali. Wannan bayanin ɗorewa ne, biliyan guda na shekaru bayan an gama ƙera injin. Kuma ka daina jin kunyar ɗaga hannu. Idan jarrabawa ta zo, ba su layin bambancin halitta a jimla ɗaya don makinka, sannan ka zana matakan huɗu, ka rubuta sunan furotin a gefen kowanne da inda ya samo asali.