Wuƙar da ka aiko mini hotonta

Ɗana, na ga hoton wuƙar nan mai lanƙwasa kamar farcen damisa, da zobe a gindin ƙota. Ka ce ko ta gargajiyarmu ce, kuma ko ya dace kai da ba ɗan gado ba ka shiga maƙera ka ƙera irinta.

Ba tamu ba ce. Karambit ake ce mata, ta mutanen Indunusiya ce, musamman Minangkabau na tsibirin Sumatra. Zoben nan yatsa ake zurawa don kada ta suɓuce. Amma lanƙwasar ba baƙuwa ba ce a Sakkwato. Duk maƙerin da ya iya lauje ya ci rabin wagga wuƙa, don duka biyun kaifinsu a ciki yake.

Nan ne wahalar. In ka dage da masaba a gefen kaifi kana sirantar da shi, ƙarfen miƙewa yake yi, sai bakin ya riƙa buɗewa yana komawa baya. Shi ya sa gwani ke lanƙwasa shi ya wuce yadda yake so tun farko, duka ya dawo da shi daidai. Zoben kuwa da zafi ake huda shi, a faɗaɗa sannu a hankali. Ka yi gaggawa ya tsage. Dā tama ake narkawa, yanzu sifirin mota ake sara, gawayin ƙirya kuma har gobe shi ne sarki a wuta. Wurin ba wuƙar ruwa, wato tsoma ta da zafinta don ta yi tauri, nan ne ake gane wanda ya zauna gaban manya: sifirin ba ya son ruwan sanyi, mai ake tsoma shi, sannan a ɗan mayar da shi ga wuta kaɗan don kada ya karye kamar tangaran. Ina yaro na taɓa tsoma aska a kwatarniyar ruwa, na ji "ƙas", ranar kunnena ya sha murɗa.

Batun gado kuma, ƙira sana'ar gida ce, ɗa ya karɓa wurin uba, kuma maƙera na da sarkinsu. Duk da haka ba a korar mai son koyo. Sai dai ba a shiga a ɗauki masaba. Ka je Maƙera Assada da wani babba, ka yi sallama, ka durƙusa ka gaida mai maƙera. Zuga-zugi za a ba ka, za ka daɗe kana zuga da miƙa awartaki kafin a bar ka kusa da uwar maƙera. Kada ka kuskura ka zauna kanta.

Kuma ka shirya amsa, don sai an tambaye ka aikin da za ta yi. Wuƙar yanka an san ta, ta mahauta an san ta, lauje na ciyawa ne. Wagga kuwa, ka ce sha'awa ce, tsohon zai dube ka ya dubi hoton. Ni dai da lauje zan ce ka fara. In za ka, ka biyo ta gida mu tafi tare bayan La'asar, ka riƙo goro.