Gyaran baƙar robar mota da ta koɗe

Malam, robar bambarka da ta gefen madubi da ka ce sun yi fari-fari, rana ce ta cinye saman robar. Kada ka shafa baƙin mai. Kwana biyu zai yi ƙyalli, sannan ya kwashi ƙura. Man birki kuwa cin fenti yake.

Ka wanke robar da sabulu da buroshi mai laushi, ka goge da sifirit, ta bushe sarai. Ka liƙa tef a gefen fenti. Sai ka ɗiga Solution Finish (wani baƙin ruwa ne da ake sayarwa don dawo da launin robar mota) kaɗan a soso, ka shafa siriri, bayan minti 3 ka goge ragowar da tsumma. A inuwa za ka yi, don a kan roba mai zafi dabbare-dabbare yake fitowa. Kada ruwa ya taɓa ta sai washegari.