Mai unguwa da fastar ƙaninsa

Tambaya: Malam, ni mai unguwa ne a cikin birnin Zariya. Ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya, ya fito takarar kansila. Ɗana da ke karatu a Samaru ya ce ko Sarkin Ingila ba ya ɗaukar ɓangare, ni ma in kame. Wani malami kuma ya ce kamewar koyi da Turawa ne, kuma ɓoye gaskiya. Kullum bayan la'asar ina zaman sulhu a zaurena. Ya halatta in fito fili in mara masa baya?

Amsa: Allah ya taimaki mai unguwa. Zaman zauren nan da ka ambata a ƙarshe, shi ne ya juya hukuncin.

Son ƙaninka a zuci ba laifi, ƙuri'arka kuma taka ce. Amma wanda ake kai wa ƙarar iyakar gona da rabon gida ya shiga sahun alƙalai. Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musa al-Ash'ari cewa ya daidaita mutane a fuskarsa da mazauninsa, kada babba ya sa ran za a karkata masa, kada mai rauni ya fid da rai da adalci. To, a ce gobe ɗan wata jam'iyya ya zo da rikicin fili, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ɗaga kan da zai yi sai ga fastar ƙaninka a bango. Ko ka yi adalci, zai yarda? Don haka hawa dandalin kamfe da rawani bai halatta gare ka ba.

Maganar wancan malamin kuwa ban gamsu da ita ba. Ɓoye gaskiyar da aka hana shi ne ka ga zalunci ko a nemi shaidarka ka yi gum. Fifita wannan kansila a kan wancan ijtihadi ne, mutanen kirki ma suna saɓani a kai. Batun koyi da Turawa kuma, Maleshiya ƙasar Musulmi ce, sarakunanta tara ke karɓa-karɓar sarautar ƙasa duk shekara 5, sarkin kuma ba ɗan jam'iyya ba ne. Ita ma Sarauniya Elizabeth, cikin shekara 70 ta yi aiki da firaminista 15, tana ganawa da su a keɓe kusan duk mako, ba a jin ra'ayinta a waje. Nasiha ga shugaba a asirce kuwa mun riga su saninta. Malamin ya tambayi dattawa ma yadda aka yi lokacin da 'yan doka, wato 'yan sandan sarakuna, ke kama 'yan NEPU, jam'iyyar adawa ta Malam Aminu Kano. Daga baya kotu da 'yan doka suka fita daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya tafi da sauran iko. Abin da ya rage muku shi ne yardar jama'a.

Ka kula da ta bayan gida: kada a sauke buhunan shinkafar kamfe a ƙofarka, kada yaranka su riƙa cewa "Baba ya ce". Ka tuna kuma gwamna ke naɗa sarakuna da tuɓe su. Kano ta gani a 2020 da 2024.

Ƙaninka kuma kada ya ji labarin a bakin wani. Ka taka zuwa gidansa bayan isha'i, ka yi masa bayani, ka sa masa albarka. Wallahu a'alam.