Abin da ya hana ni kai baƙi bakin teku ranar Asabar

Ɗana, tambayarka tana kan hanya, kuma na ji daɗi da ka yi ta maimakon ka bar ta a ciki. Ka ce waccan Asabar mun kai baƙi har inda kogin Volta yake haɗuwa da teku a Ada, ƙasar Gana, suka yi hotuna, kowa ya dawo yana murna. Wannan Asabar kuma, jirgin nan dai, lokacin nan dai, sama garau, mutanen har sun ce za su ƙara kuɗi, amma na juya kan jirgi tun daga nesa. Ka ce kai kanka ka ji kunyarsu, da yake 'yan unguwarmu ne na Nima da Mamobi a Akara, waɗanda gobe za ka haɗu da su a sahun masallaci. Na gane. To, kasa kunne.

Agogon hannunka ne ya ce maka lokaci ɗaya ne. Teku kuwa da wata yake aiki. Sau biyu yake cika ya janye a yini da kwana, kuma kowace rana cikarsa tana jinkirta da kusan minti 50 a kan ta jiya. Lissafa da kanka: minti 50 sau 7, ka samu kusan awa 6. Tsakanin cika da janyewa ma kusan awa 6 ne. Ke nan duk abin da ka tarar a bakin teku da ƙarfe biyar na yamman wannan Asabar, kishiyarsa za ka tarar da ƙarfe biyar na Asabar mai zuwa. Waccan ranar ruwa yana shigowa ne, wannan ranar yana fita. Amsar ke nan a taƙaice, amma taƙaitacciyar amsa ba ta riƙe jirgi, sai ka san abin da fitar ruwan take yi.

Idan teku ya fara janyewa, duk ruwan gishirin da ya kwararo cikin kogi ɗazu sai ya nemi hanyar komawa. Ya haɗu da ruwan kogin kansa, wanda ya taso tun daga Burkina Faso, su matsu su biyun a wannan ƙofa da ke tsakanin tudun rairayi a Azizanya. A waje kuma raƙuman teku suna tahowa daga kudu maso yamma, iskar la'asar tana ingiza su. Inda suka yi karo, ruwa miƙewa yake yi tsaye, gajere-gajere, kusa da kusa, kafin gaban jirgi ya sauko daga kan ɗaya na biyu ya riga ya faɗo ciki. Jirginmu na yawon kogi ne, cikinsa shimfiɗaɗɗe, da rumfa a sama. Ba irin kwale-kwalen masuntan Ada ba ne da aka sassaƙa don ratsa wannan wuri.

Yanzu ƙaddara inji ya mutu. Ba sai wani babban abu ya lalace ba, leda ɗaya ko guntun taru ya naɗe farfela ya isa. In ruwa yana shigowa, shi da kansa zai turo ka cikin kogi, ka jefa anka, ka ɗaga inji, ka kwance ledar a natse, baƙi ma ba za su san an yi wani abu ba. In yana fita, waje zai ja ka, cikin wancan karon da na faɗa maka, da mata da yara a jirgi, da manyan riguna, ga duhu yana tafe. Kuɗin da suka ce za su ƙara, sidi nawa ne? Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji magabata.

Ba sai ka dogara da waya kaɗai ba, ko da yake jadawalin cikar teku na Tema yana nan a cikinta, kuma ina so ka riƙa dubawa kullum. Koyi karanta ruwan da idonka. In ka sauko gaɓa, dubi kwale-kwalen da aka ɗaure da anka a tsakiyar ruwa: kullum hancinsu yana fuskantar inda ruwa yake fitowa. In sun juya hanci wajen teku, ruwa yana shigowa. In sun juya wajen Sogakope, wato saman kogi, yana fita. Dubi ginshiƙan gadar da muke ɗaure jirgi. In ka ga tafin hannu guda na itace a jiƙe sama da fuskar ruwa, da gansakuka tana ɗiga, ruwa ya fara sauka. Dubi kainuwar da ke yawo, ina ta nufa, kuma da wane sauri. Sannan ka riƙe kwanan wata na Musulunci, wanda dama muna riƙe da shi saboda ibada. Kwanakin tsayuwar wata da na sha huɗu zuwa sha shida, cika tana yin yawa, janyewa tana yin ƙarfi. A ranakun nan ko hanyar bakin teku ba na so in kalla in ruwa yana fita. Kada ka manta kuma kogin nan yana da masu buɗe shi da rufe shi. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965, aka ƙara ta Kpong a 1982, yawan ruwan da ke iso mana ya danganta da abin da suka saki. Ka ga abin da ya faru a 2023 da aka buɗe ƙofofin madatsar daga watan Satumba, ruwa ya shanye gidaje a Mepe da garuruwan da ke kusa. Duk ranar da ka ji sanarwar sakin ruwa, lissafin jiya ya tashi.

Abu na biyu da ya sa na juya shi ne rana. Mu nan kusa muke da tsakiyar duniya. A farkon Nuwamba rana tana faɗuwa wajen shida saura minti ashirin, a Yuli wajen shida da kwata da 'yan mintoci, duk shekara tsakanin nan take kai da kawowa. Bayan ta faɗi, hasken da ya rage mai amfani bai wuce na minti ashirin da kaɗan ba. Turawan da ke zuwa mana sun saba da ƙasarsu, inda a bazararsu haske yake daɗewa bayan faɗuwar rana, shi ya sa suke cewa a ƙara jira kaɗan. Namu na Akara kuma sun saba da fitilun titi, ba su san duhun kan ruwa ba. Saboda haka tafiyar nan daga baya ake lissafa ta. Ka fara sanin lokacin magariba na ranar. Ka san inda kake so jirgi ya kasance a lokacin. Ka san minti nawa ne daga can zuwa gida. Daga nan ne za ka fitar da lokacin cin abinci, ka fitar da lokacin tashi. Ranar Asabar mutanen sun makara a hanya, na san go-sulo ɗin Tema ba sauƙi, kuma daga Akara zuwa Ada Foah ya fi kilomita 100. Amma rana ba ta jira su ba. In aka makara, tsawon hanya ake ragewa. Lokacin komawa gida ba a taɓa shi.

Kuma bari in gaya maka, faɗuwar rana ba a bakin teku ta fi kyau ba. Ada tana gaɓar yamma ne, don haka in ka tsaya a gefen gari, bayan rufin gidaje rana za ta faɗa. Abin da ake yi shi ne a tsallaka gabas, wajen tsibiran nan, a bar faɗin kogi gaba ɗaya tsakanin baƙi da rana, itatuwan kwakwa suna can a jere a ƙetare. A nan nake jefa anka, a bayan tsibiri inda iska ba ta bugu. Ka lura da yadda nake saita jirgi? Hanci ko gindi nake ba rana, ba na ba ta gefe. Domin da zarar ta yi ja, kowa zai zabura da wayarsa ya nufi ɓangaren da take. Mutum goma sha biyar su taru a gefe ɗaya, ka ji jirgi ya karkata, kwanuka suna zamewa a kan tebur. Aikinka a wannan lokaci ba kallon rana ba ne. Ka tsaya a ɗaya gefen, idonka a kan ƙafafun mutane, kana cewa, “Hajiya, daga nan ma za ki same ta, kawo in ɗaukar miki.” Rigar ceto kuwa a gaɓa ake sa ta, kafin a kwance igiya, a ɗaure madaurin ƙasa. Wadda ke ƙarƙashin benci ba ta ceci kowa ba. Wanda ya ce za ta ɓata masa ɗinki, ka ba shi haƙuri da fara'a, amma kada ka tashi inji sai ya sa. Ka ƙirga kawuna da za a shiga, ka ƙirga da za a fita, kuma kada ka wuce adadin da aka rubuta wa jirgi ko da jariri ne.

Abinci shi ma lokaci ne. Ba a hura gawayi a jirgin da ke ɗauke da jarkar fetur, wannan ba abin muhawara ba ne. A gaɓa ake gasa karfasa, a naɗe banku a leda tun yana da zafi, a jera a kula, barkono da shito a robobi masu murfi. Miya mai ruwa ba ta shiga jirgina. Sannan a ci tun da sauran haske, don karfasa tana da ƙaya, kuma mutumin da ke cin kifi a duhu yana hira, ƙaya za ta tsaya masa a wuya a wurin da asibiti yake da nisa. Ina so a ce an wanke hannu, an kwashe kwanuka, an rufe kula, kafin rana ta taɓa kan kwakwa. Kelewele, wato soyayyar ayaba mai yaji, da shayi su ne na hanyar dawowa. Namu mutanen za su tambaye ka salla. In akwai tudun rairayi kusa kuma ruwa ba ya hawa, a sauka a yi ta a gaggauce. Alƙibla mai sauƙi ce a lokacin: ka ba inda rana ta faɗi baya, ka karkata hagu. In babu wuri, a yi haƙuri a isa gaɓa, ai dama lissafinmu yana kai mu gida da wuri. Yara kuwa kada ka bari su shiga wanka a gefen da ciyayi suke kwance, wurin dodon koɗi ne, nan ake ɗaukar tsargiya.

Na ga kana jin nauyin yi wa baƙi bayani. Ka daina. Kuɗin ganin gari suka biya, kuma garin nan yana da abin faɗa. Nuna musu wajen da 'yan Denmak suka gina ganuwar Kongenstein a 1783, wadda teku ya cinye kusan duka. Faɗa musu gishirin tafkin Songor, wanda a da ake lodawa a kwale-kwale a hau kogin nan da shi har Kete Karachi, inda fatake Hausawa suka yi zango bayan yaƙin Salaga na 1892. In 'yan zango ne a jirgi, nan za ka ga sun gyara zama, don hanyar kakanninsu ce kake nuna musu. Faɗa musu bikin Asafotufiami da mutanen Ada ke yi a farkon Agusta, da kunkurun teku da ke fitowa su yi ƙwai a rairayin gaɓa. In kun wuce masu nutso suna ɗebo adodi, wato kawar kogi, rage inji, ka ba su fili, ka gaishe su. Ruwansu ne, mu baƙi muka kawo. Duk wannan a hanyar tafiya ake faɗarsa. In rana ta fara sauka ka bar mutane da abin da suka zo gani.

Dawowa ita ce inda ake gane matuƙi. Kunna fitilu tun kafin a buƙace su, ja a hagu, kore a dama, fara a baya. Kashe fitilar rumfa mai haske, don tana makantar da mai riƙe da inji. Kai kana gaba da tocila, kana neman kwale-kwalen da ba su da fitila da robobin da masunta ke ɗaura wa taru. In ka ga abu, nuna da hannu, kada ka yi ihu ka firgita mutane. Da damina, wato daga Afrilu zuwa Yuni da kuma Satumba da Oktoba, yayin da kowa yake kallon yamma kai ka riƙa waiwayar gabas, don daga can hadari yake taso mana, kuma iskarsa tana riga ruwansa isowa. Ka ga ya yi baƙi, ka ji wani sanyi ya bugo ka a ƙeya, cire anka ko ba a gama ci ba. Da hunturu kuma, Disamba zuwa Fabrairu, hazo yakan haɗiye rana tun tana sama. Ka faɗa wa mai biyan kuɗi gaskiya tun a waya, kada ya zo ya ce an cuce shi.

Saura maganar kunya da ka yi. Hanin ba ya yi wa baƙo zafi kamar a hana shi bai san dalili ba. Saboda haka tun a gaɓa, kafin kowa ya zauna, ka ce, “Alhaji, yau ruwa fita yake yi, ba za mu kai baki ba, amma zan kai ku inda ya fi kyau.” In yana son ganin haɗuwar kogi da teku dole, a sauke shi a tudun rairayin nan da wuri, ya taka da ƙafa, kogi a hannu ɗaya teku a ɗaya. Ko ka duba jadawali ka ba shi ranar da ruwa zai kasance yana shigowa da la'asar.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ka same ni a Nima da takarda. Ka rubuto mini kwanan wata, da lokacin magariba na Asabar da Lahadi, da lokacin cikar teku na ranakun biyu, da lokacin da kake ganin ya kamata mu tashi, da inda za mu jefa anka. Ka taho da fulogi biyu sababbi da batirin tocila. In lissafinka ya yi daidai, kai za ka riƙe inji daga gada har tsibiri.