Takunkumi, mamaya, da kurar da ke shan bugu

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan karon kusan duk daga labaran duniya na farkon 2022 suka fito, toh bari mu ɗauke su.

Wani ɗan'uwa daga Damagaram yace tun watan Janairu yake jin "an ƙaƙaba takunkumi" a rediyo, farko kan Mali sannan kan Rasha, shi kuma takunkumin da ya sani na bakin jaki ne, shin kalma ɗaya ce ko kama suka yi?

Malam, kalma ɗaya ce, ita ɗin ce dai. Takunkumi abin nan ne da ake saƙawa da igiya ko kaba a ɗaura a bakin dabba, jaki ko raƙumi ko sa, dan kar ya kai baki kan amfanin gonar mutane in ana wucewa, ana sa ma maraƙi dan kar ya shanye nonon uwa, masu wasa da kura kuma suna sa mata dan kar ta ciji wani. Lokacin korona ma ai abin rufe baki da hanci takunkumi muka kira shi. Toh ka lura da abu ɗaya, dabbar da aka sa ma takunkumi ba a yanka ta ba, ba a karya mata ƙafa ba, tana tafiya tana numfashi amma ba ta iya ci. Wanda ya fara ɗauko kalmar nan ya kai ta labaran siyasa gaskiya ya san Hausa, domin abinda ake yi ma ƙasa kenan. Ranar 9 ga Janairu 2022 shugabannin ECOWAS, wadda ku a Nijar kuke ce ma CEDEAO, suka zauna a Accra suka rufe iyakokinsu da Mali suka kuma riƙe kuɗaɗenta da ke babban bankin yankin, saboda sojojin Assimi Goita da suka ƙwace mulkin Mali sun ƙi yin zaɓe a Fabrairu kamar yadda aka yi alkawari, har suna neman ƙarin shekaru da za su kai biyar. An ce takunkumin bai shafi abinci da magani da mai ba, amma ƙasar da ba ta da teku in an tare mata hanyar Dakar da Abidjan ai kowa ya san a kasuwa za a ji. Ita ma Rasha bayan ta mamaye Ukraine ranar 24 ga Fabrairu an cire wasu bankunanta daga tsarin tura kuɗi na SWIFT. Kuma ka duba aikatau ɗin da ake haɗawa da kalmar, ƙaƙaba, wato ɗora ma mutum abu da ƙarfi ba da son ransa ba, ba a cewa an ba ƙasa takunkumi.

Wata malamar makaranta daga Kano ta tambaya me yasa ake cewa Rasha ta mamaye Ukraine ba a ce ta kai hari kawai ba. Malama, hari a kai ne a dawo, ko na dare ɗaya ne sunansa hari. Mamaya kuwa abu biyu ta ƙunsa, akwai zuwa ba zato kamar yadda za kice "baƙi sun mamaye ni ban shirya ba", akwai kuma cika wuri a rufe shi kamar ruwa ya mamaye gari ko ciyawa ta mamaye gona. Dakarun Rasha sun shigo ta arewa daga Belarus, ta gabas, da ta kudu daga Kirimiya duk a rana ɗaya, kinga kuwa ma'anar ta zauna daram. Shi Putin aikin soji na musamman ya kira abin, amma ni a wajena ɗaliban Najeriya da suka tsere ta iyakar Poland da Romaniya cikin sanyi har aka kwaso su a Maris, su ne shaidar sunan da ya dace.

Sai wani matashi daga Kumasi da yake son ma'anar "kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi". Ɗana, gardi shine mai yawo da kura kasuwa kasuwa, ita ake ja da sarƙa ana duka tana rawa, kuɗin da 'yan kallo suka zuba kuma aljihunsa suke shiga. Ana faɗinta ne in wani ya sha wuya wani daban ya ci riba. In kana son misali na 2022 duba alkama, Rasha da Ukraine suna cikin manyan masu sayar ma duniya da ita, da tashoshin jiragen ruwan Ukraine na Bahar Aswad suka tsaya sai fulawa ta tashi, mai shayi da biredi a Zango ko Sabon Gari wanda bai taɓa jin sunan Odesa ba shi ya fara rage yanka, masu man fetur da masu ƙera makamai kuwa kasuwarsu buɗewa tayi. Amma kar ka faɗe ta kan wanda ya jawo ma kansa wahala da hannunsa, wannan wata karin maganar gare shi daban, ita wannan sai inda aka yi amfani da wani aka bar shi hannu rabbana.

Wanda ya tambayi bambancin tsagaita wuta da sulhu ya yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.